Ba Ɗan Acaɓa Ne Ya Karya Ni Ba

Ummi, wa kike so ki burge a Legas? Ina tambayarki ne, wa?

Na san ba haka ake fara takarda ba. To, assalamu alaikum, 'yata mai sunan tsohuwata. Allah ya tsare hanyarki daga Jos har ƙofar gidan Gwaggonki Asabe a Agege, ya sa direba ya zama mai hankali, ya sa ki sauka da ƙafafunki biyu kamar yadda kika hau. Gaisuwa ta isa haka, mu koma ga tambayata.

Jiya da rana mamanki ta kawo min abinci shago, ta miƙo min wayarta. Na duba, sai ga ki a bidiyo, tsaye a ƙofar shagon nan nawa na walda, katakon wasanki mai taya a hammata, kina gaya wa duniya cewa makon farko da kika sauka Legas babban ramin nan na siminti za ki faɗa, wanda gwanaye ke shiga suna tashi sama. Kika rufe da cewa, "Ai 'yar Jos ce ni." Shinkafar da ta kawo har yanzu tana cikin kula.

Da baki na so na yi miki magana, amma kin san bakina. Kafin na kai ƙarshen zance ɗaya na zagi mutum uku, ke ki yi fushi, ni na yi fushi, mamanki ta shige ɗaki ta kunna keken ɗinki don kada ta ji mu. An ɗauke wuta tun safe, injin walda ya yi shiru, shi ya sa na yage takardu daga littafin awo na zauna rubutu. A aji huɗu na bar firamare, sauran karatun a jaridar da ake naɗe tsire da bayan kwalaye na koye shi. In kin ga inda na karya rubutu, ki gyara a ranki ki wuce, ba jarrabawa muke ba.

Kafin na fara faɗa, ki san abu ɗaya. Ina alfahari da ke har yana hana ni zama wuri ɗaya. Kin ci jarrabawa an ɗauke ki makarantar koyon aikin jinya, abin da ba a taɓa yi ba a gidanmu. Kuma a kan katako, ban ga wanda ya kai ki ba daga Gangare har Kongo-Rasha, mace ko namiji. Ranar da kika sauko daga gangaren bayan kasuwar Laranto, kin cusa ƙasan hijabinki a ɗamara, kika kauce wa baron tumatir kamar da shi aka shirya, mai keke napep ya taka birki ya fito yana tafi. Oga Emeka, maƙwabcina mai shagon gwanjo, ya dafa ni ya ce, "Sani, yarinyan nan ya fi ka. Kai lokacin naka ƙarfi kawai kana da shi, shi kuwa yana da kai." Na ce masa ya koma ya ninke wandunansa. Amma daɗin da na ji, ranar kyauta na yi wa wani walda a ƙofar gida.

Kin kuma tuna ranar da Alhajin majalisar bakin layi ya ce wai 'ya mace a kan katako zubar da mutunci ne. Na ce, "Alhaji, kai da matakala uku ta masallaci sai an kama maka hannu, me ka sani game da tsayuwa?" Har yau ba ya amsa sallamata. Ban damu ba. Na tsaya miki a gaban mutane, kuma gobe ma zan tsaya. Saboda haka abin da zan faɗa ba don na raina ki ba ne.

Legas babban gari ne, filaye suna da yawa, amma ba kowane fili ne naki ba. Duk abin da na sani game da neman wurin wasa, da kuskure na san shi. Bari na fara da ƙarami.

Ina da shekara goma sha bakwai muka gano filin ajiye motoci na wata coci a Kongo-Rasha. Siminti ne shimfiɗaɗɗe, da katanga, mota ba ta shigowa in ba ranar Lahadi ba. A lokacin babu katako a hannunmu, takalmin taya muke sawa, na gwanjo, wanda Emeka ke tsinta a cikin dila. Baba maigadi ya bar mu muna shiga wata da watanni. Sharaɗinsa biyu ne kawai, mu share in mun gama, kuma in ana hidima mu tsaya. Wata Laraba muka zo ya tare ƙofa, ya ce yau ana addu'ar mamaci, mu dawo gobe. Ni kuma na ɗaure takalmina tun daga gida, raina ya ɓaci, na ce masa, "Filin ubanka ne?" Tsohon ya ja ƙofar. Ya dube ni, ya sa kwaɗo. Ba a sake buɗe mana ba. Mu manya muka koma titi, ba mu rasa komai ba. Waɗanda suka rasa su ne masu koyo, don a duk unguwar babu wani wuri mai laushi da za su faɗi ba mota a bayansu. Da yawansu daga ranar suka ajiye takalmin.

Don haka duk filin da kika samu, kafin tayarki ta taɓa ƙasa, nemi mai tsaron wurin. Gaishe shi da kyau, ki tambayi sunansa, ki tambayi ranakun da ba a shiga. In kin ga tsintsiya a jingine, ɗauki. In ya ce yau babu, ki ce Allah ya kai mu gobe, ki juya. Bakin da kika gada daga wurina ki bar shi a jaka. Rabin wuraren wasa masu kyau a kowane gari ba don wasa aka gina su ba, alfarmar wani tsoho ce a kan benci.

Kuskure na biyu a jikinki yake, ƙarƙashin haɓarki. Kina da shekara tara Emeka ya samo katako a cikin kaya ya ba ki. Kwana biyu kacal da fara hawanki na kai ki kan gangare, don ina so a ce 'yar Sani Walda ba ta yi rarrafe ba. Kina cewa, "Baba, tsoro nake ji," ina cewa, "Tsoron me, sake jikinki." Kika tafi, katako ya wuce ya bar ki, kika daki kwalta da haɓa. Maimakon na ɗauke ki, sai na tsaya ina miki faɗa a kan yadda kika ajiye ƙafa. Mamanki ta zo ta ɗaga ki, jini a gaban rigarki, ta ce min a hankali, "Baban Ummi, ka iya gudu a kan taya, amma ba ka iya koyarwa ba. Ba ni 'yata." Wata takwas ba ki kalli katakon ba. Ita ce, wadda ba ta taɓa hawa ko keke ba, ta riƙa kai ki barandar makarantar firamare ranar Asabar, tana riƙe da hannunki tana tafiya a gefe, daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. Mutane suna cewa ni na koya miki. Ƙarya ne, ita ta koya miki, ni na zo daga baya na ƙara gishiri.

Wannan barandar ita ce filin mai koyo, kuma irinta za ki fara nema a Legas. Ƙasa a miƙe, ba tudu ba kwari. Ba mota, ba acaɓa. Akwai bango ko ƙarfen da za a dafa. Akwai kemis kusa. Alamar da ta fi duka ita ce ki tsaya ki jira wani ya faɗi, ki ga me sauran za su yi. In sun yi dariya sun ɗaga waya suna ɗauka, wurin ba shi da kyau ko da da madubi aka shimfiɗa shi. In wani ya tare katakon da ya gudu ya dawo masa da shi, to kin samu gida.

Za ki ce ke kin wuce nan. Ki yi haƙuri, zan zo kan wannan.

Yadda za ki gano wuraren kuwa, kada ki dogara da waya kaɗai. Bidiyo yana nuna miki saukar da aka yi daidai, ba ya nuna miki faɗuwa ashirin da aka yi kafin ta, ba ya nuna ramin kwata da ke gefe, ba ya gaya miki cewa tun bara aka kulle wurin. Nemi mai sayar da taya da boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke juya taya, shi ya san inda kowa ke zuwa, don duk wanda ya fasa kaya wurinsa yake dawowa. Sayi ƙaramin abu, ki tambaye shi ina masu koyo suke, ina matsakaita, ina gwanaye. In kin ga mutum a bas da katako, dubi gwiwar wandonsa da gefen takalminsa. In sun goge, tambaye shi. In komai nasa sabo ne ƙal, ɗan ɗaukar hoto ne, bar shi. In kina tafiya kika ga bakin dakali ya yi baƙi yana sheƙi, kyandir aka goga masa don katako ya zame, masu wasa suna zuwa wurin. Koma ranar Lahadi da safe, lokacin da kasuwanni ke rufe, za ki same su. Kuma ki tambaya ko mata suna zuwa, da wace rana. In akwai su, bi ranarsu tukuna. Gaya wa gwaggonki sunan unguwar kafin ki fita, kuma magariba ta same ki a gida.

Kin san ƙwallon boris ɗin nan da kullum yake aljihuna, wanda kike cewa layata ce. Na sa shi a cikin ambulan ɗin nan. Duk sabon fili, ki taka shi da ƙafa daga farko har ƙarshe, kina neman yashi, baƙin mai, tsaguwa, ƙusa. Sannan ki ajiye ƙwallon a ƙasa ki sake shi. Inda ya nufa can ƙasa take karkata, ko da idonki ya ce a miƙe take. Yadda ya yi gudu, haka tayarki za ta yi. Ki durƙusa ki shafa simintin da tafin hannu. Za su dube ki kamar mahaukaciya, ki bar su.

Ba ki taɓa tambayata me ya sa nake yin haka ba. Yanzu zan gaya miki, kuma nan ne hannuna yake nauyi.

Tun kina ƙarama kin san labarin ƙafata ta hagu. Na je Legas, na shiga babban rami na gwanaye, na zaga shi sau uku 'yan Legas suna tafi, na fito ina tsallaka titi wani ɗan acaɓa ya kwashe ni. Haka na gaya miki, haka na gaya wa mamanki, haka na faɗa a majalisa sau ba adadi, kowace shekara ramin yana ƙara zurfi a bakina.

Ummi, babu ɗan acaɓa.

Ga yadda aka yi. Mamanki tana da cikinki wata bakwai, Emeka ya ce na raka shi Legas ɗauko dila, na taya shi lodi. Na sa takalmin tayata a buhu. Ranar Lahadi da safe ya kai ni wani wuri kusa da babban filin wasanni inda masu taya ke taruwa. Ban taɓa ganin abu irinsa ba. Wurin kashi uku ne. Gefe ɗaya shimfiɗa ce, yara da iyayensu. Tsakiya ƙananan tuddai da ƙarafuna marasa tsayi. Can ƙarshe kuma rami mai lanƙwasasshen bango, zurfinsa ya fi tsayina. Wani mutum mai furfura a gemu, da usur a wuya, shi ke kula da layi. Ya dubi takalmina, ya dubi tayoyin da kwaltar Jos ta cinye, ya yi min magana da buroka, ya kira ni aboki, ya nuna min wajen yara.

Na ji abin da ya ce sarai, amma Emeka ya maimaita, "Ya ce ka fara can tukuna."

Na ce, "Gaya masa ɗan Jos ne ni. Mu a kan duwatsu muka koya."

Emeka ya ce, "Sani, bari. Ƙasan nan ba irin namu ba ne. Taɓa ka ji."

Ban taɓa ba. Na ture wani da ke kan layi, na hau bakin ramin.

Ga abin da ban sani ba, kuma ke ma ba ki sani ba, don babu inda za ki san shi a garin nan. Mu a Jos gangare ne ke ba mu gudu kyauta, kwalta mai kaushi kuma ita ke riƙe mana taya. Ƙasa ce birkinmu, ba mu taɓa lura ba. Mun saba mu tunkuɗa da dukan ƙarfi a farko, don mun san titi zai cinye rabin gudun. In abu ya ɓaci kuma, mu karkata gefen hanya mu faɗa ciyawa ko yashi. To simintin can ba ya cin komai. Abin da ka ba shi, shi zai dawo maka da shi har da ƙari. Kuma a cikin rami babu gefen hanya.

Na tunkuɗa irin ta Jos. Kafin na ƙifta ido na wuce ƙasan ramin, bangon da ke gaba ya ɗaga ni, ƙafafuna suka yi sama kaina ya yi ƙasa. Na sauko a kan ƙafar hagu a karkace. Na ji ƙarar ƙashin kamar an karya rake. Ban zaga sau uku ba. Ko rabin zagaye ban yi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne babu wanda ya yi dariya. Da sun yi, da na samu wanda zan zaga. Mai usur ɗin nan da na raina shi ya fara sauka ramin. Ya cire bel ɗinsa, aka kawo guntayen katako biyu, ya ɗaure min ƙafar, yana cewa sannu da Hausarsa ta kasuwa. Mutum huɗu suka fito da ni. Na ƙi asibiti, na ce a kai ni gida wurin mai ɗori. Haka na kwanta a kan dilar gwanjo a bayan mota tun daga Legas, kowane rami a hanya sai na ciji hannun rigata. Da muka fara hango duwatsun gida na ce wa Emeka, "Ka rantse za ka ce acaɓa ne." Ya ce, "Ni ba zan rantse ba. Amma ba zan faɗa ba. Kai za ka faɗa da bakinka wata rana." Shekara goma sha takwas ke nan bai faɗa ba, ko ranar da muka yi faɗa a kan wurin ajiye janareta na zage shi tas a gaban kwastomominsa.

Ɗorin ya zo a makare, ƙafar ta warke a gajarce. Mamanki, da cikin da ko sunkuyawa ba ta iya yi, ita ke ɗauke min fo, ita ke tallafa ni zuwa bayi, tana yi wa ɗan acaɓan da babu shi Allah ya isa. Ranar sunanki a zaune na karɓi baƙi. Ban sake ɗaura takalmin taya ba. 'Yan acaɓa kuwa sun sha zagi a bakina shekara da shekaru a kan laifin da ba nasu ba.

Da na ji kin ce "'yar Jos ce ni" a bidiyon nan, muryata na ji. Ba laifinki ba ne. Ni na raine ki da labarin uban da ya ci ramin Legas, kina so ki je ki ƙarasa abin da acaɓa ya katse. Babu abin ƙarasawa, 'yata. Ƙaryata ce take shirin karya miki ƙafa, kuma aikin da za ki koya aikin tsayuwa ne, daga gadon wannan majiyyaci zuwa na wancan, safe har yamma. In kika karye a makon farko, makaranta ba za ta jira ki ba.

Yanzu bari na gaya miki matsayinki tsakani da Allah, ni da na fi kowa kallon ƙafarki. A gangare ke gwana ce, ko a Legas ba na jin akwai wanda zai bi ki. A tsalle da zamewa a kan ƙarfe ke matsakaiciya ce, ƙarfen da na haɗa miki bai kai gwiwa ba, tudun katakon da na yi miki kuma iyakarsa ƙuguna. A lanƙwasasshen bango kuwa ke jaririya ce, ba ki taɓa taka shi ba ko sau ɗaya. Mutum ɗaya yana iya zama duka ukun, babu kunya a ciki. Kunyar tana wurin wanda bai san wanne ne shi a wane fili ba.

Saboda haka ki fara a shimfiɗa, cikin yara, ko da kwana uku ne, har ƙafarki ta koyi sulɓin siminti, har ki iya tsayawa cak ba tare da neman ciyawa ba. In wata 'yar shekara bakwai ta wuce ki, ki gaishe ta ki tambaye ta yadda ta yi. Daga nan ki koma tsakiya, ƙananan tuddai. A can akwai layi, kowa da lokacinsa, kada ki shiga gaban kowa, kada ki tsaya a inda ake sauka. Ki nemi wuri mai tudu iri iri, ƙarami da wanda ya ɗan fi shi, don ki riƙa hawa kaɗan kaɗan. Wurin da daga shimfiɗa sai rami, babu na tsakiya, ba wurin koyo ba ne. Zauna a nan wata biyu, wata huɗu, ramin ba ya gudu. Kafin ki shige shi, ki zauna a bakinsa kwana uku kina kallo kawai, inda suke shiga, inda suke lanƙwasa gwiwa, yadda suke faɗuwa da gangan in abu ya ƙwace. Ranar farko ki sauka cikinsa da ƙafa, ki fara lilo daga ƙasa. Ranar da za ki faɗa daga sama, mai kula da wurin ne zai gaya miki, ba masu danna miki yatsa a waya ba. Kowane fili yana da mai usur ɗinsa, ko da bai rataya usur ba. In ya nuna miki wajen yara, ki ce na gode.

Hular kwano da abin kare gwiwa suna ƙasan akwatinki, Emeka ya ajiye miki su tun watan jiya ya ƙi sayarwa. Hular tana zama a kan hijabi, na gwada a kan tulun mamanki. Kada ki ce tana ɓata hoto. Iskar Legas kuma jiƙaƙƙiya ce, boris yana tsatsa a kwana kaɗan, ba kamar nan ba. Duk ranar da kika dawo ki goge, ki ɗiga man keken ɗinki, mamanki ta zuba miki a ƙaramar kwalba. Bayan ruwan sama kada ki hau siminti sai ya bushe sarai. Kuma ranar da kike da aji ko aikin asibiti, katako ya zauna a ƙarƙashin gado. Karatu kika je, wasa rakiya ya yi miki.

Ina so ki shiga ramin nan, kada ki ɗauka hana ki nake. Ina so wata rana ki zaga shi sau uku na gaskiya, ki turo min, na bi layin nan shago shago da ɗingishina ina nuna wa mutane, har Alhajin majalisa sai ya kalla ko yana so ko ba ya so. Amma ina so ki fito daga cikinsa da kanki, ba mutum huɗu su fito da ke ba.

Allah ya kiyaye ki a hanya da masauki. Ya tsare ƙashinki da mutuncinki. Ya haɗa ki da masu tare katako in ya gudu, ya raba ki da masu dariya. Ya buɗe miki karatu, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya. Ya ba ki zuciyar mamanki, tunda bakina kin riga kin ɗauka. Ki gaida Gwaggonki Asabe, ki ce ƙaninta yana nan yadda ta san shi.

Saura abu ɗaya. Alkawarin rami a gaban mutane kika yi shi, saboda haka ba a ɗaki za a warware shi ba. Gobe da safe a tasha, mamanki za ta zo, Emeka zai rufe shago ya zo, abokan wasanki ma na san za su zo da katakansu. Kafin a fara kiran sunan fasinjoji, ni zan fara. Zan tsaya a kan gajeriyar ƙafar nan na faɗa musu abin da na rubuta miki, ina kallon idon mamanki, wadda har yanzu ba ta sani ba. Abin da za ta yi min bayan motarku ta tashi, wannan tsakanina da ita ne, kuma na cancanci duk abin da ya zo. Ki kunna wayar nan taki ki ɗauka, ki sa a inda kika sa na farko.

In na gama, sai ki juya wayar ta kalle ki. Ki amsa da ƙarfi yadda na bayan mota zai ji, Ummi: in kin sauka Legas, a wane fili za ki fara?

Mahaifinki,
Sani Walda, Laranto